Tukwanen Kyauta Masu Zaƙi

Kyauta yayar kakana Na'Allah ce, maginiyar tukwane a Kaura Namoda. Wajen 1973 ta ga tangaran mai sheƙi da jirgin ƙasa ke kawowa, ta ce ita ma sai ta yi. Ta daka tozali, ta dama da ruwan yumɓu, ta shafe cikin tukwanenta kafin gashi. Suka fito suna ƙyalli. Abin da ya fi jan mata kuwa, in kunun tsamiya ya jima a ciki sai ya yi zaƙi ba sukari.

Ba a shekara ba yara suka fara murɗar ciki, wasu har da sanƙarewa. Biyu suka rasu a unguwarsu. Wata ma'aikaciyar jinya, Mwuese, ta bi sawu har gidanta.

"Mama, akwai dalma a tozalin nan. Tsami ke narkar da ita. Zaƙin da ake yabo shi ne gubar."

Kyauta ba gwanar bayani ba ce. Taɓarya ta ɗauka. Duk gidan da ta san tukunyarta na ciki sai ta yi sallama, ta wuce madafi, ta rotse ta. A Kasuwar Daji mata suka yaga mata zane. A Shinkafi aka fasa mata goshi da dutse, ta ɗaure da kallabi ta shiga gida na gaba. Aka ce ta taɓu.

Saura ɗaya, a Zurmi, gidan ƙanenta. Da ita ake dama wa mahaifiyata Kulsumu kunu, lokacin an yaye ta ke nan. Kyauta ta tarar da kunun a tsakar gida, Na'Allah tsaye a gabansa da ƙotar fartanya.

"Yaya, mi ya kawo ki da taɓarya?"

"Kauce, Na'Allah."

"Kin kunyata mu a gari ukku, yanzu abincin ɗiyata za ki zubar? Wada kika zo, koma."

"Ni na goya ka, ɗan nema. Kauce."

Ta ɗaga taɓaryar, shi ya riga ta, ya sauke mata ƙotar a hannu. Kakata ta ce har daga ɗaki ta ji ƙarar ƙashin. Taɓarya ta faɗi, hannunta na dama na reto, sai Kyauta ta tafi gaba ɗaya ta faɗa kan tukunyar da gwiwoyinta. Kunu mai zafi ya wanke mata cinya, katangar fasasshiyar tukunyar ta shige ƙafarta. Tana nan zaune cikin jini da kunu ta ce a ba yarinyar madarar shanu.

Mahaifiyata ta yi 'yan makonni tana fama da ciki, ta warware. Ɗorin Kyauta kuwa ya kama a karkace, ba ta ƙara ginin tukunya ba, daddawa ta koma sayarwa.

Kakana bai taɓa buɗe baki ya nemi gafararta ba. Da Kulsumu ta shekara bakwai dai ya ɗora ta a kan keke har Kaura, ya ajiye ta a zauren Kyauta da ƙunshin kayanta.

"Ga ta nan, ta riƙa yi miki daka," ya ce, ya juya ko ruwa bai sha ba.