Zangon Barau a Bayan Gari

Mijina Barau bafatake ne tun kafin Nasara su ci Kano. Jakuna yake korawa daga Dutse, ya kai dabino Damagaram, ya dawo da kanwa. Gajere ne, ga faɗin ƙafa kamar faifai, ga taurin kai. Da gwiwa ta fara ba shi wahala sai ya zauna noma, amma da rabin zuciya. In aka ce masa ga hadari, arewa yake kallo, ba gabas ba.

To, shekarun da mota ta fara shigo mana, akwai wani Bature mai awon gyaɗa, muna ce masa Mai Lofe. Da ciniki ya ƙare, ya ce zai tafi Damagaram, ƙasar da Faransi ke mulka, a mota shan iska. Shan iska! Sai ka ce a Dutse an hana shi. Direbansa Isah bai san hanya bayan Ringim ba. Aka tambaya wa ya san rijiyoyi da inda rairayi ke riƙe ƙafa, mutanen gari suka nuna Barau. Har yau ban yafe musu ba.

Shiri ya ci bazarar nan gaba ɗaya. Na daka garin guzuri har tafina ya yi kanta. Shi kuwa ya ɗora wa jakuna garewanin fetur, ya bi hanya yana ajiyewa a gidajen masu unguwanni, saboda can gaba babu mai sayarwa. Jakunan suka dawo a rame, suna warin da ko kaza ba ta matsowa. Na ce, “Maigida, damina fa ta ƙarato, ba a yi sharar gona ba.” Ya ce, “Zinariya, mota ce. Kafin ki tankaɗe iri mun dawo.”

Ya je wurin Malam Ɗanmusa ya duba masa ranar sa'a, aka ce Alhamis. Ya bi gida gida yana neman gafara, ana ba shi goro da saƙon gaisuwa. Ran Laraba sai ga Isah, wai wani ƙarfe ya karye a cikin motar, an aika Kano.

Mai hankali sai ya kwance kayansa. Amma fatake suna da al'ada: ranar sa'a ba ta wucewa a banza. A fita, ko da bayan gari ne, a yi zango a jira ayari. Wanda kuwa ya fita ba ya sake taka ƙofar gidansa sai tafiya ta ƙare, in ba haka ba ya ɓata ta. Ran Alhamis Barau ya ɗauki buzunsa da buta da guzurina, ya je gindin wata tsamiya a bakin hanya ya zauna. Daga wurin ana hango dangar gidanmu.

Masu wucewa kasuwa suka sami abin yi. “Baba Barau, sannu da hanya! Yaya mutanen Damagaram?” Ya amsa musu da fuska a ɗaure. Guzuri ya ƙare a gindin tsamiya, na koma kai masa tuwo kamar mai jinya.

Sai ruwan shuka ya sauka, mai kyau, ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Gari ya watse gona. Na sami Barau ya rakuɓe, rigarsa sharkaf.

Na ce, “Maigida, gona ai ba gida ba ce. Ga ta can. Ka sara mini, ni in zuba iri, ka dawo zangonka.”

Ya ce, “Matafiyi da sungumi? Na yi sallama da mutane, su gan ni ina shuka?”

“Suna ganinka kana korar ƙuda, wannan bai dame ka ba?”

“Zinariya, ba ki san tafiya ba.”

“Na san yunwa.”

Na je wurin Isah, na tarar da ƙafafunsa kawai, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Ya ce, “Iya, ƙarfe ya zo, takardar izinin shiga ƙasar Faransi ake jira.” Na je wurin Malam ko zai sake masa wata ranar. Ya ce shi rana aka tambaye shi, ba a tambaye shi mota ba.

Na yi ta jira ina cewa gobe zai saduda, kuma jiran nan shi ya cuce mu. Sai da geron maƙwabta ya rufe idon sawu sannan na saɓi sungumi da kaina. Ƙanwata Indo tana bina tana zuba iri tana takewa. Barau yana hango mu. Da na juyo sai ya hau gyaran buzu.

Da motar ta iso gindin tsamiya, damina ta riga ta kankama. Barau ya hau bisa kaya yana ɗaga wa mutane hannu. Suka tarar da kogin Ringim ya cika baki da baki, Mai Lofe ya leƙa, ya ce a juya. La'asar sakaliya sai ga Barau ya yi sallama, wai a kawo wa matafiyi ruwa.

Geron da aka shuka a makare bai cika ido ba, ruwa ya ɗauke yana tsakiyar fitar da kai. Rumbu bai kai rabi ba. Kafin wata kakar, jakunan sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, muka cinye su a tuwo. Bai sake fita fatauci ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Amma daga shekarar nan ni nake ware iri, ni nake cewa yau za a shuka, kuma ban ƙara tsayawa jiran ya amsa ba.