Ƙaryar Gotlieb Boois

Duk wanda ya yi kiwo a gindin duwatsun Karas ya san Gotlieb Boois, tsoho mai taurin kai, ga son shayi da madarar akuya. Ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi a rayuwarsa, ita ma hukuma ta buga ta a takarda.

Shekara hamsin baya, masu awon ƙasa suka ɗauke shi ya nuna musu wuraren ruwa. A zamanin, duk idon ruwan da ya shiga taswira, kafin shekara ta zagayo an kewaye shi da waya. Gotlieb ya nuna musu waɗanda kowa ya sani. Da aka zo kan na kakarsa, wanda ake rufewa da faffaɗan dutse in an gama sha, sai ya kai su wani busasshen kwari ya ce nan ne. Suka ɗiga shuɗiyar tawada a taswira. Mutum nawa suka haƙa wurin suka tashi da zagi!

Bayan ya tsufa, sai fari ya shekara uku, rijiyar gida ta ƙafe. Awakin 'yarsa Fredrika suka fara zubewa, shi kuma ido ya riga ya tafi. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Ke 'yar nan, ɗauko tsohuwar taswirar, ki shirya jakai. Kai ni ɗigon shuɗin."

"Haba Baba! Ko ƙadangare ba ya shan ruwa a can."

"Na fi ki sani, sarkin surutu. Ni na sa shi."

Da suka isa kwarin, ya sa ta juya shi ya ba gabas baya. Daga nan ƙafarsa ta tuna hanya. Suna tafe yana shafa duwatsu yana gunaguni, har rana ta take tsaka. Can ya durƙusa, suka haɗa ƙarfi suka ture wani dutse. Yashin ƙarƙashinsa da danshi.

Fredrika ta share hawaye, ta zaro fensir za ta gyara taswirar. Tsohon ya lalubo hannunta ya riƙe gam.

"Mayar da shi aljihu. Koma kwarin ki sake tahowa da ƙafarki, sai kin iya. Ni ba zan ƙara zuwa ba."