Kwandon da Inna Delu Ta Rufe

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin cinikina, a bayan wata tsohuwar lori mai tari kamar mashayin taba. Sana'ata sayar da daddawa, kuma duk wadda nake sayarwa hannu ɗaya ke yin ta, hannun Inna Delu ta Toranke. Tun da amai da gudawa ya ɓarke kayanta suka daina zuwa, masu tuwon da ke saye a wurina har sun fara leƙa teburin wasu. Na ce gara in je in gani da idona.

A Wudil aka tsaya, amma ba wanda ya sauka shan fura. Masu nono na zaune da ƙoransu a rufe, suna kallonmu muna kallonsu. Abokina, da ban taɓa ganin ya wuce ƙwaryar fura ba, ya haɗiyi yawu ya kau da kai. Ƙosai kaɗai ake saye, wai abin da ya fito daga wuta ba ya ɗauke da ciwon. Shi ma an tsuke shi ya koma kamar ƙwallon magarya.

Ranar kasuwa muka tarar a Gaya, rumfuna rabi babu kowa. Kalwa ga ta nan tuli, araha kamar ƙasa, don matan da ke dafa ta ba su fito ba. Daddawa kuwa ko ta magani babu. Wani dattijo daga Kademi ya yi ta roƙona in rage masa kaya. Na ɗauki buhu biyu, wai ni mai wayo, zan kai wa Inna.

Daga Ajingi jakuna muka samu. Da muka shiga Toranke gabana ya faɗi, ko turmi ɗaya ba a daka. Warin daddawa ya tarye mu kamar kullum, sai dai ya wuce yadda na san shi.

Ɗan Inna Delu ne ya fito zaure. Ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Inna ta cika."

Innalillahi! Na zauna a kan buhuna.

Ashe ta dafa kalwa, ta wanke, ta zuba a kwando ta rufe da ganye, sannan ciwon ya kayar da ita. Ita kuwa dokarta ɗaya ce, kwandon da ta rufe ba mai buɗe shi sai ita. Surukanta suka yi ta jiran ta tashi. Da ta rasu kuma sai kowa ya kasa taɓawa. Na roƙa aka fito da shi, ɗan ya ɗaga ganyen. Kalwar ta yi baƙi, ta zama ruwa, tsutsa na yawo a ciki. Na ce ga kalwa, matan gida su gwada mana. Ya girgiza kai. Dafawa da daka duk sun iya, amma lokacin buɗewa da hanci Inna take gane shi, ba ta kuma nuna wa kowa ba.

Haka muka juyo da kayanmu har Kano. Da ina ganin cinikina a kan lori da kasuwa yake tsaye, ashe a kan hancin tsohuwa guda yake, wadda ban taɓa tambaya ko wa take koya wa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Buhunan kalwar suna nan a zaurena, kullum sai na ratsa su in fita.