Manajan Bayan Abatuwa

Kun san Kawu Sale ba ya fita sai ya ɗaura nakatayi a wuya a kan kaftani. Ko sanyin Jos ya kai ina, sai ya goge takalmi, ya dubi mahaifiyata, wato ƙanwarsa, ya ce, "Na tafi ofis." Ofishin kuwa wata rumfa ce a bayan Abatuwa, wato mayanka, inda yaransa ke tara batiran mota da madubai da tayoyin da suka kwance wa mutane.

Bai taɓa yarda a kira abin sata ba. Kamfani ne, shi ne manaja, yaran ma'aikata, wanda aka yi wa ta'asa kuma kwastoma. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka tsoron Allah?" Ya ce, "Ina tsoro mana. Shi ya sa ba ma aiki Juma'a da Lahadi." Musulmi da Kirista duk yana ɗauka aiki, kuma ko lokacin rikicin da gari ya rabu biyu yana alfahari cewa kamfaninsa bai rabu ba.

Wata rana aka cire batirin motar Oga Emeka, mai shago kusa da mu a unguwar Kongo-Rasha. Ya je wurin Kawu neman na hannu, aka ɗauko masa nasa, har da alamar fentin da ya yi masa.

"Manaja, wannan batiri nawa ne fa!"

"Shi ya sa zai zauna daidai a motarka. Kuma na ba ka garanti, babu mai sake taɓa shi bana."

Emeka ya saya yana zagi, Kawu ya raka shi har titi yana cewa a gaida madam.

Daga baya aka kama Kawu aka ɗaure. Da ya fito daga gidan yari ya tuba, amma shi ritaya ya kira ta. Ya tarar yaran sun koma damfara ta waya. Abin ya ƙona masa rai. "Ba sa ko fita su ga motar kwastoma," in ji shi. "Sana'a ta lalace."

Ya sa kafinta ya yi masa dogon benci, wai ma'aikata za su riƙa zuwa gaishe da tsohon oga. Kullum na kai masa abinci sai in same shi a gefe ɗaya, sauran bencin babu kowa. Mutanen kirki suna gudunsa, ɓarayi sun manta da shi.

"Wani ya tambaye ni?"

"Babu, Kawu."

"Suna mitin ne."

Wannan amsar ta fi komai ba ni tausayi. Da ya kwanta ciwo, abin ya tsananta, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka sanar da ma'aikata. Kada a ce manaja ya tafi sahu bai cika ba."

Da ya rasu na aika. Sahun jana'iza bai cika ba. Sai a zaman makoki ɗaya daga cikinsu ya shigo, ya durƙusa, ya yi kuka sosai, ya fita. Da liman ya tashi tafiya aka nemi takalminsa aka rasa. Kowa ya yi ta faɗa, ni kuwa na kasa fushi, don ko ba komai mutum ɗaya ya zo.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sanyaya zukatan waɗanda ya cuta su yafe masa. Ya gaji da zama shi kaɗai, ya Allah, kada ka bar shi shi kaɗai a can.