Marka Makau, Wadda Ta Zauna a Tungar Guru

Ranar Talata, huɗu ga watan Afrilun 2017, da hantsi, Marka Makau ta cika a bayan wata motar ɗaukar hatsi tsakanin Bukkuyum da Gummi. Sanƙarau ne ajalinta, tana da shekara talatin. Ina cikin aji ina tsaron ɗalibai suna rubuta jarrabawa aka kira ni aka faɗa mini. Yau kwana tara ke nan, ban sake iya shiga aji ba.

Ni Mainasara Nababa, mai wannan rubutu, tare muka tashi da ita a zumuntar matasa ta majami'armu a Gummi, tare kuma muka fita aikin bishara. Ita ta zauna, ni na gudu. Gara mai karatu ya san haka tun da farko.

Marka, kin tuna daminar 2010? Labari ya iso mana cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wani gida biyu, wani gida huɗu. Daga baya aka gane gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinariya, wanda mutane ke kawowa tsakar gida suna dakawa, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara. A lokacin kin gama makarantar koyon aikin lafiya, takardar ɗaukarki aiki a Sakkwato tana hannunki. Wata Lahadi bayan sujada fasto ya ce ekklisiya tana neman matasa biyu da za su je su zauna a can. Majami'a ta yi tsit. Sai na ji benci ya motsa a ɓangaren mata, na waiga na gan ki tsaye. Ni ma na miƙe. Mutane suka yi ta sa mini albarka, ba su san cewa don kin miƙe ne na miƙe ba.

Baba Makau ya kwana uku bai yi miki magana ba. A rana ta huɗu kika same shi a gona kika durƙusa kika ce, “Baba, kai ka koya mani Almasihu bai jira mu tai wurinai ba, shi da kainai yat taho wurinmu. To yanzu mi kaka so in yi da wanga karatu?” Ya jingina da fartanya ya daɗe, sannan ya ce ki tashi, ƙasa da sanyi.

Ranar da muka isa Tungar Guru, abin da muka fara gani a bakin gari ƙananan kaburbura ne sababbi, jere kamar kunya a gona. Mai gari ya karɓe mu da sharaɗi: ba wa'azi gida gida. Kika ce kin yarda, amma duk wanda ya tambaye ki abin da ya kawo ki, ba za ki ɓoye masa ba. A watannin farko mata ba sa karɓar ko ruwa daga hannunki.

Akwai Inna Zulai, wadda ta binne 'ya'ya uku cikin wata guda. Saura ɗaya gare ta, Ummukulsum, 'yar shekara biyu, kuma ta rantse ba mai fita da ita daga gidan, domin a ganinta duk yaron da aka saka a mota gawarsa ke dawowa. Kwana goma sha ɗaya kina zuwa gidanta da sassafe. Ki share tsakar gida da ruwa don kada ƙura ta tashi, ki wanke hannun yarinyar, ki surfa mata gero a turmin da kika aro daga gidan da ba a taɓa daka dutse ba. Ko sau ɗaya ba ki ambaci asibiti ba. A rana ta goma sha biyu yarinyar ta fara jijjiga, idanu suka kafe. Inna Zulai da kanta ta ɗauke ta ta ɗora miki a baya, ta ɗaure miki zani, ta ce, “Ɗiyata, tai da ita. Ni ƙafafuna ba su ɗaukata.” Kika yi makonni a ɗakin jinya a Bukkuyum kina kwana a ƙasa kusa da gadonta. Ummukulsum yanzu shekararta tara. Maganarta ba ta fita sosai, idonta ɗaya ba ya gani, amma tana raye, tana kai wa uwarta itace.

Da aka zo kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, kin ɗauki shebur tare da maza har tafin hannunki ya sale. Ni a lokacin na riga na fara ƙirga kwanaki. A watanmu na takwas a garin, ranar da aka binne wasu tagwaye da muka yi zaton sun warke, na same ki a bakin rijiya da rana tsaka na ce ki aure ni mu koma gida, akwai marasa lafiya a ko'ina. Kika ajiye guga kika dube ni da idanu jajur. Kika ce, “Mainasara, ni ma tsoro nika ji, kullum. Amma ban ji an ce mani in tashi ba.” Na yi fushi, na ce Allah ba ya magana da kowa a garin nan. Washegari na hau babur na bar ki.

Ba ki taɓa goranta mini ba. Duk lokacin da kika zo Gummi sai kin biyo ta makarantarmu mun gaisa.

Shekara bakwai kika yi a can. Na san abin da ya fi ci miki rai, domin kin faɗa mini. Duk ƙarshen shekara shugabannin aikin bishara sukan tambaye ki mutum nawa suka ba da gaskiya, ke kuma ki ce ba ko ɗaya. Wata shekara kin yi kuka a gabana, kika ce kina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a addu'a, kina son su san Yesu kamar yadda kike son yaransu su rayu, kuma ba ki san ko ke ce kika kasa ba. Duk da haka ba ki taɓa haɗa magani da wa'azi ba. Malam Wali, mai makarantar allo ta garin, yakan zauna da ke a inuwar tsamiya ku yi ta muhawara. Ya ce, “Marka, ina yi maki kwaɗayin Musulunci.” Ki ce, “Malam, ni ma ina yi maka kwaɗayin Almasihu.” Sai ya aika cikin gida a kawo miki fura.

A tsakiyar watan Maris na bana kika kira ni. Sanƙarau ya shigo ƙauyuka, mutane na faɗuwa, wuya ya sanƙare. Kika ce ba ki da mai kai marasa lafiya Bukkuyum, ni kuwa ina da babur, in zo ko na mako biyu ne. Muryarki ta dushe. Na ce ki bari a gama jarrabawa. Kika ce, “To, Allah shi kai mu.” Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

An ce ke kika riƙa tallabe su a kan baburan haya, kansu a kafaɗarki, sawu uku ko huɗu a rana. An ce ciwon kai ya kama ki ranar Asabar, kika ɗaure kai da ɗankwali kika ci gaba har Litinin. A cikin motar hatsin nan da aka ɗauko ki zuwa asibiti, a cinyar Inna Zulai kanki yake.

Marka, na yi ta tambayar Ubangiji, ban sami amsa ba. Wadda ta amsa kira ita aka ɗauke, wanda ya toshe kunne aka bar shi yana cin abinci. Da na zo, da wasu sawun ni na yi su. Fasto ya ce kada in ɗora wa kaina abin da ke hannun Allah. Na ji shi, amma babur ɗin yana nan a zaurena, tankinsa cike.

Ranar jana'iza Malam Wali ya zo da mutum goma sha huɗu daga Tungar Guru. Ba su shiga majami'a ba, suka tsaya a rana har aka gama. Sannan ya je ya kama hannun Baba Makau da hannu biyu ya ce, “Ɗiyarka ba ta taɓa yi muna ƙarya ba.” Baban da bai zubar da hawaye ba tun safe, a nan ya zauna a ƙasa.

Yanzu matasa biyu na zumuntarmu sun ba da sunayensu, suna so su maye gurbinki. Sun zo wurina neman shawara, wai ni na san garin. Na so in ce musu kada su je, na so in ce su je, bakina ya kasa duka biyun. Saura kwana uku Ista, za a yi waƙoƙin tashin matattu, ban san da wace murya zan yi su ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Marka, ka yafe mata kurakuranta, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Ka kawar da wannan cuta daga ƙasarmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyayenta, Baba Makau da Inna Hindu, da ƙannenta, da ekklisiyarmu ta Gummi, da Inna Zulai da dukan mutanen Tungar Guru, waɗanda suka wayi gari ba mai duba yaransu. Allah ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Ni kuma ina roƙonku, in kuna yi mata addu'a, ku roƙa mini gafarar mako biyun da na hana ta.