Baffa a Kan Bencin Asibiti

Ranar da na samu gurbin digiri na biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙanin mahaifina ya yi ta dariya a zaurenmu na Gwaram. Ya ce zan ƙare cikin mahaukata, ni ma in zama ɗaya. Innata ta yi kuka, ni kuwa na ƙullace shi.

A shekara ta biyu aka turo ni koyon aiki wani asibiti a Birnin Kudu. Wata safiya na gan shi a kan benci, ya rame. Tun da motarsa ta kife da fasinjoji barci ya ƙaurace masa.

Malamata ta hana ni duba shi saboda dangantaka, alhali na so in ji kukansa da kunnena. Da zai tafi ya ce, "Don Allah 'yata, kada a ji a gida."

Ban faɗa ba, aikin ya hana. Amma duk taron suna sai na durƙusa gabansa cikin jama'a na ce, "Baffa, ya barci?" Sai ya sunkuyar da kai, ni kuwa raina fes.