Rakiyar Garwashi Zuwa Sandamu

Daura

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fito da kwando a hammata. A ciki akwai Garwashi, jan zakaran Babanmu, wanda ya shekara uku ba a kayar da shi a filin bayan kasuwa ba. Makon da ya wuce mai unguwa ya sa aka yi shela cewa shari'a ta hana haɗa zakaru faɗa da cacar da ake yi a kai. Duk da haka samari ba su daina zuwa aronsa a ɓoye ba. Inna ta ce a yanka shi a huta. Baba, da ke kwance yana jinya, ya ce, "Kai shi wajen Gwaggonka Hajo. Ban iya cin namansa."

Hanya

Bas ta tashi shida da kwata. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, raɓa na ƙyalli a ganye. Na zura hannu cikin kwandon, zuciyarsa na bugawa a tafina. Na yi gyangyaɗi, na ga Baba da ƙuruciyarsa tsugune a tsakar gida, yana fesa wa Garwashi ruwa da baki.

Birki ya farkar da ni a shingen bincike. Wani ɗan hisba ya leƙo, ya dubi tabon da ke zankon Garwashi.

"Malam, wannan na faɗa ne?"

"Da can. Yanzu ƙauye zan kai shi."

"Kiwonsa ba laifi ba ne. Haɗa shi da ɗan'uwansa aka hana. Allah ya kiyaye hanya."

Sandamu

Bakwai saura muka sauka. Gwaggo ta dama mini fura, ta ce, "Sake shi mana."

Ya fito ya tayar da gashin wuya, yana juyawa yana neman abokin karawa. Babu kowa sai kaji huɗu da inuwar dalbejiya. Ya daɗe tsaye a haka. Ni ma na kishingiɗa a tabarma ina kallonsa har azahar.

Gida

Ƙarfe huɗu na iso Daura, na tarar da Baba a jingine da bango.

"Ya yi cara?"

"Bai yi ba, Baba. Amma ya tono tsutsa, ya kira kajin Gwaggo, ya bar musu."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Ashe ya iya."

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, da Gwaggo Hajo da ta karɓi amana.